Ɗanasabe da Haƙoran Risho

Shekarar da abin ya faru ta kwance mini. Wani lokaci nakan ce dubu biyu da sha huɗu, wani lokaci in ce sha biyar. Abin da na tabbatar shi ne gwiwata ta dama ba ta fara ciwo ba tukuna, domin a lokacin da ƙafata nake hawa bene na huɗu a gidanmu na unguwar Mount Hope, nan Amirka, kuma ina karantar da manya a ɗan masallacin da ke bayan shagon Hambali. Sunayen mutane yanzu sukan gudu su bar ni a tsakiyar magana. Amma na Ɗanasabe ba ya zuwa ko'ina.

Mutumin Maradi ne, dogo, siriri, mai tsarma Faransanci a magana, yana da tebur a bakin titin Grand Concourse inda yake sayar da huluna da tabarau, da lema idan hadari ya haɗo. Babu abin da bai taɓa yi ba a duniya, in dai a bakinsa ne. In ka ce ka ga raƙumi, shi ya karɓi haihuwarsa. In ka ce jirgin ƙasa na layin D ya yi latti, ya san abin da ya lalace a injin, kuma da an kira shi da tuni kowa ya isa gida. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Ya taɓa ba ni lema kyauta ranar ruwa, ko da yake ba ta buɗuwa.

A shekarar nan yana neman auren Tahiratu, wata bazawara 'yar Zangon Kumasi, mai natsuwa da ƙarancin magana. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi ya je ya ga yayanta, Alhaji Braimah, mai motocin tasi a Soundview. Ni na raka shi. Alhaji Braimah ya saurare shi tun bayan azahar har aka kira la'asar, sannan ya ajiye carbinsa ya ce da Hausarsu ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji:

"Na ji baki. Baki yana da kyau paa. To ban da baki, mene ne kana da shi?"

Ya ba shi wa'adi zuwa ƙaramar Sallah: ya nuna abu guda da ya iya da hannunsa, a gaban mutane, sannan a yi maganar aure.

Ana cikin haka wani tsohon Bature da ke bene na biyu a gidanmu ya koma wurin 'yarsa, aka fitar da tarkacensa bakin titi. A cikin wani kwali Ɗanasabe ya tsinci wasu 'yan tukwanen tagulla, kowanne bai fi gwangwanin madara ba, da ƙananan huji kewaye da bakinsu, wasu da ƙafafu masu naɗewa. Mai kula da ginin, wani mutumin Dominika, shi ya gaya masa cewa risho ne irin na matafiya da masu hawan duwatsu, kuma akwai Turawan da ke tara su, darajar kowanne tana ga tsufansa. Kafin Ɗanasabe ya tsallaka titi, wannan ilimi ya zama nasa na gado.

Ya dire kwalin a kan kantar Hambali. Hambali Bakano ne, mai sayar da shinkafa da manja da garin rogo, kuma in ya kwana bai tsokani Ɗanasabe ba sai ya ji kamar bai ci abinci ba.

"Hambali, rufe shagon ga. Arziki ya shigo."

"Ɗauke mini daga kan sikeli. Mene ne wannan, kaskon turaren wuta?"

"Kaskon turare! Ji mutum. Resho ne, mon frère, na Turawan dauri. Zan tara su, in fidda wa kowane shekarunsa, ran Sallah in jera su gaban Alhaji Braimah in dafa mishi shayi kashi uku a kan wanda ya fi tsufa. Daga nan sai gidan tarihi. Kai ma in ka yi ladabi zan sa ka a ƙofa kana yanka tikiti."

"To masani, yaya ake gane shekarun nasu?"

Ɗanasabe ya dube shi da tausayi. "Babana dillali ne a kasuwar dabbobi ta Maradi. Ka taɓa jin ya tambayi rago takardar haihuwa? Baki ake buɗewa."

Ya ɗauki guda, ya kwance murfinsa, ya karkata shi wajen haske yana bin hujin da farce. "Ga haƙoransa. Wanga duk sun cika, matashi ne, bai wuce yaƙin duniya na biyu ba." Ya ɗauki wani wanda tsatsa da datti suka toshe rabin hujinsa. Ya danna masa gadon baya da babban yatsa, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya shinshina ƙarƙashinsa. "Wanga kuwa haƙora sun zube. Tsoho ne tukuf. Shekarar fara aka haife shi."

"A Turai ake shekarar fara?"

"Fara biza take nema? Ina ne ba ta zuwa?"

Ina zaune a kan buhun shinkafa ina jinsu. Na so in ce wani abu game da yadda malaman da suke gane tsufan littafi ta takardarsa da launin tawadarsa, wanda na gani a wurin wani malamina a Agadas, ko kuwa a Katsina ne, mai wata akuya da ke cin gefen littattafai. Kafin in tuna garin, har an wuce wurin.

Daga ranar Ɗanasabe ya shiga yawon kasuwannin gwanjo. Kowace Lahadi sai ya rufe teburinsa ya hau jirgi, Manhattan, Brooklyn, har can inda jirgi yake ƙarewa, ya dawo da jaka tana ƙara. Duk abin da yake tagulla kuma yana da huji, ya saya. Biyu daga ciki na fi zaton gindin fitila ne, ɗaya kuma ba na shakka abin barbaɗa gishiri ne, amma ya ce jariri ne, haƙoran madara gare shi.

Wata Lahadi ya zo da wani baƙi ƙirin, ya ce wannan shi ne kakan su duka, ya girmi jirgin ƙasa. Hambali ya juya shi, sai ga 'yar takarda manne a gindinsa mai layi-layin nan baƙi da fari da ake haskawa a kanti kafin a biya.

"Alhaji masani, kakan naku da wannan aka haife shi?"

Ɗanasabe ko ƙiftawa bai yi ba. "Tsaga ce. Kai Gobirawa ba su da tsaga? Kowace kabila da tata. Wagga ta mutanen arewacin Turai ce, gidan sarauta."

"In na haska ta a injina, kuɗin gidan sarautar zai fito?"

"Taɓa ka gani in ba mu ɓata ba."

Sai ya ga bai dace dattawa su je gaban suruki da datti ba. Ya samo toka a wurin mai tsire, ya sayi lemon tsami da soson ƙarfe, ya zauna ya dirje su kamar yadda mata suke dirje tasoshin jere. Ya dirza har ɗan rubutun da maƙeran suka buga a jikinsu, da sunan gari da lambobi, duk suka shafe, suka koma sumul suna ɗaukar ido. Ya kai guda wurin wani tsohon Bature mai tara irinsu a kasuwar gwanjo. Da ya dawo har rawa yake yi.

"Bature ya cire tabarau, ya kama kai, ya nemi kujera. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi wa resho abin da na yi wa wanga ba."

"Wannan kam na yarda ya faɗa," in ji Hambali.

Saura gwaji. Risho dai a wurinmu kananzir yake sha, saboda haka Ɗanasabe bai tambayi kowa ba. Wata safiyar Lahadi, a ƙarshen sanyi, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ya cika uku da kananzir a ɗakinsa da ke benenmu ya ƙyasta ashana. Ni dai ina cikin karatu na ji ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka a benenmu, ta ƙasa ta amsa, ta sama ta amsa. Gida duka ya zubo titi, wani da bargo, wani da cokali a hannu. A cikinsu akwai Aïchatou, 'yar Damagaram mai kitso, wadda ta ƙunsa lalle a ƙafafu biyu ta ɗaure da leda. Da dugadugai ta sauko bene uku, ta tsaya a kan ƙanƙara tana kiran sunan duk wanda ya jawo wannan, tun kafin ta san ko wane ne.

'Yan kwana-kwana suka hau, suka sauko. Na gaba yana riƙe da ɗan risho a cikin ƙatuwar safar hannu, nesa da jikinsa, kamar ya kamo ɓera. Bayansa Ɗanasabe ne, fuska baƙa, ido ja, yana cewa a riƙe shi a hankali, ya girmi kakan mai riƙon.

"Ashe kai ne!" in ji Aïchatou. "Lallena, Ɗanasabe! Bikin ɗiyar yayata jibi!"

"Haƙuri, Hajiya. Binciken kimiyya ne."

"Kimiyya ta ci gidanku!"

Ɗan kwana-kwanan ne ya gaya masa, da ƙarfi, a gaban kowa, cewa irin wannan risho ba ya shan kananzir, ba ya shan fetur, alkol kaɗai yake sha, wato sifirit. Ɗanasabe ya gyaɗa kai ya ce dama ya sani, gwada su yake yi ya ga ko na jabu ne.

Inda mai hankali zai je shagon fenti ya sayi sifirit irin wanda ba a sha, Ɗanasabe kai tsaye ya nufi shagon barasa na kan kwana. Ya ce dattawa irin waɗannan ba za a ba su na banza ba, sai mai tsada. Da rana tsaka ya fito da kwalba a cikin takardar nan mai ruwan ƙasa, ya yi kiciɓis da Aïchatou, wadda har lokacin ƙafarta ɗaya ja ce ɗaya ruwan ɗorawa.

"Ɗanasabe, mi ne ne cikin takarda?"

"Abincin tsoffina ne."

"Tsoffinka ke sha, ko kai?"

"Hajiya, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai."

Kafin magariba labarin ya hau bas ya sauka a Soundview. Abin haushi, barasar ma ba ta ci wuta ba, sai ɗan fuf ta mutu. Daga baya ya samo sifirit ɗin gaskiya, galan guda, kuma don kada buƙata ta taso ba shiri, ya riƙa yawo da 'yar kwalba a aljihu. Ranar wata Juma'a murfin ya kwance. Aka tayar da salla, sai ga fili a damansa, fili a hagunsa, kowanne ya isa mutum biyu. Liman ya ce a cike sahu, ya sake cewa a cike sahu, kowa ya duƙufa kallon yatsun ƙafarsa. Ni na matsa na tsaya kusa da shi, don ba ya kyautuwa a bar Musulmi shi kaɗai. Har aka sallame idona yana ruwa.

Bayan salla ya biyo ni. "Malam, fatawa nika so. Shayin da aka dafa da wutar alkol, ya halatta?"

Na ce ya zauna. Na gaya masa malamai sun yi magana a kan abin da wuta ta ci ta canja shi, na kawo masa abin da na tuna, na ɗan ɓata hanya wajen labarin wani mai gasa burodi a Zariya, na dawo. A ƙarshe na ce: abin da ke ƙonewa a ƙarƙashin buta ba ya shiga cikin buta, ka sha shayinka. Amma ka wanke rigarka kafin ka zo masallaci, ka bar kwalbar a gida, kuma kada ƙafarka ta sake taka shagon nan.

Ya yi godiya ƙwarai. Ya fita bakin titi ya sanar cewa Malam ya ce alkol halal ne.

Kwanakin da suka biyo baya ban huta ba. Wasu sun zo da fushi, wasu sun zo da littattafai, wani direba kuwa ya zo da fara'a yana tambaya ko fatawar ta shafi kowa. Hambali ya ce in na ƙara ba Ɗanasabe fatawa, in riƙa ba shi a rufe cikin leda.

Alhaji Braimah ya kira shi a waya, Ɗanasabe ya sa a lasifika don mu ji yadda surukinsa ke girmama shi.

"Chale, ana faɗa mini magana. Ni ban gani da idona ba, ba zan yanke ba. Kashegarin Sallah muna filin Crotona, mu da mutanenku duka. Kawo abin naka. In wuta ne yana shan giyan, mu gani. In kai ne, mu gani. Tahiratu ma zai zo ya gani."

Ya kashe. Ɗanasabe ya dube mu. "Kun ji? Gayyata ta musamman."

Azumi ya zo ya wuce a cikin zafi, dogayen ranaku irin na nan. Kashegarin Sallah aka cika filin Crotona, 'yan Nijar da 'yan Ghana da namu na Najeriya, tabarmi ko'ina, kuloli na shinkafa da wake da dambu da soyayyen nama, lasifika tana kiɗa a gindin bishiya. Rana ta buɗe tar, babu ko ɗigon gajimare. Tahiratu tana zaune cikin mata, kusa da manyan kuloli biyu na zoɓo, wanda su suke kira sobolo.

Ɗanasabe ya iso cikin babbar riga ta farar shadda, sabuwa, sitaci har tana ƙara, hannayenta kamar fukafukai. Ya zaɓi wani teburin siminti a tsakiyar rana, don tagulla ta yi walƙiya. Ya jera rishonsa bisa girma, kakan a dama, jariri mai haƙoran madara a can ƙarshen hagu. Aka kawo wa Alhaji Braimah kujera gaba-gaba, ni ma aka ba ni ɗaya a gefensa. Mutane suka kewaye.

Ya yi jawabi. Ya gabatar da kowanne da shekarunsa da yaƙin da ya gani. Ya kuma bayyana cewa, saboda tausayi, ya ɗauki ƙusa ya buɗe wa tsofaffin hujinsu da suka toshe, ya ƙara musu faɗi.

"Na sa musu sababbin haƙora. Likitan Amirka ma sai haka."

"A dafa shayi dai," in ji Alhaji Braimah.

"Bon."

Ya zuba sifirit a cikin kakan, ya ƙyasta ashana, ya kai. Shiru. Babu harshen wuta, babu hayaƙi.

Abin da Ɗanasabe bai sani ba, ni ma a lokacin ban sani ba, shi ne wutar sifirit shuɗiya ce, siririya, ba a ganinta a cikin hasken rana. Shi duk gwajinsa a ɗaki ya yi, labule a sauke saboda tsoron Aïchatou. Kakan ya kama tun ashanar farko, yana ci abinsa.

"Tsoho ne, sai da lallashi," in ji Ɗanasabe. "Bari mu fara da ƙanensa."

Ya zuba wa na biyu, ya ƙyasta. Shiru. Na uku. Shiru. Ya bi layin nan kaf yana zubawa yana ƙyastawa, har ya kai kusa da ƙarshe, inda ya ɗora butar shayi a kan guda don kada a ce bai fara komai ba.

"Ko suna azumin Sitta Shawwal ne?" in ji Hambali.

Aka kwashe da dariya. Alhaji Braimah ya ciro hankici ya share wuya. "Ei, yau akwai zafi koraa." Ni ma na ji iskar da ke tasowa daga teburin kamar ta bakin tanda, na kuma ga bishiyoyin da ke bayansa suna ɗan rawa. Na ɗauka idona ne.

"Yunwa ce," in ji Ɗanasabe, gumi yana bin hancinsa. "Ban cika musu ciki ba."

Ya ɗauki galan ya tuntsura a bakin kakan. Muka ji wani fuf, kamar an kakkaɓe zane. Ya zabura, sifirit ya malale a kan teburin ya jiƙa masa hannun riga. Amma ido bai ga komai ba. Don ya tabbatar, sai ya sunkuya ya kai fuskarsa ya duba haƙoran.

Ina kallo gefen gemunsa na dama ya naɗe ya shige ciki.

Ya yi tsalle sama. Ya dira, ya mari kumatunsa, ya mari hannunsa, ya juya kamar mazari, babbar riga ta buɗe. "Wuta! Wuta, jama'a!"

Jama'a suka duba. Ga mutum cikin farar shadda tas, a tsakiyar rana, babu hayaƙi babu komai, yana tsalle yana dukan kansa, warin alkol kuwa ya cika wurin.

"Ban faɗa muku ba?" Aïchatou ta miƙe tsaye a kan tabarma. "Ga shi nan! Kashegarin Sallah, gaban surukai!"

"Wuta nika ci, Hajiya!"

"Za ka ci ta, in ba ka tuba ba!"

Alhaji Braimah ya miƙe yana salati. Samarin da ke wurin lasifika, waɗanda ba su ji farkon magana ba, suka ga dattijo ya ɓarke da rawa, sai suka ƙara kiɗa suka kama tafi. Ɗanasabe ya yi ƙasa, ya yi sama, ya harba ƙafa, ya kaɗa hannun riga kamar zai tashi. Gaskiya ban taɓa ganin rawa mai kyan ta ba, har a bikin Buzaye.

Daidai lokacin wata maƙwabciyar su Tahiratu, Akosua, ta iso da tire a ka. Ita ba ta san komai ba, ta ga ango mai jiran gado yana taka rawa. Ta sauke tire, ta buɗe jaka, ta zaro dala, ta shiga fili da rangaji za ta liƙa masa a goshi. Tana miƙa hannu, takardar ta yi baƙi, ta kama da wuta ja wadda kowa ya gani.

"Ei! Mutumin yana ci da gaske!" in ji Akosua.

Wuri ya watse. Masu tafi suka haye bishiya, Hambali ya faɗa cikin kular dambu. Ni na so in tashi, na tarar na manta inda na ajiye carbina, ashe yana hannuna. Tahiratu kaɗai ce ba ta yi ihu ba. Ta sunkuci kular zoɓo, ta tako a natse, ta juye masa tun daga hula har takalmi, da ƙanƙarar da komai. Ta koma ta ɗauko ta biyu ta watsa wa teburin. Tagulla ta yi cuu, dattawa suka gangaro ƙasa suna birgima a cikin ciyawa, kakan ya tafi can ƙarƙashin wata mota.

Aka kashe kiɗa. Ɗanasabe yana tsaye, farar shadda ta koma ja, gemu rabi, gira ɗaya, yankakken abarba a kafaɗarsa. Allah ya taƙaita, fatar hannunsa ta ɗan yi ja ne kawai. A cikin shirun nan sai muka ji wani ƙara daga ƙarshen teburin, inda zoɓon bai kai ba. Buta ce take tafasa, murfinta yana rawa, ƙarƙashinta babu abin da ido ke gani.

Ɗanasabe ya ɗaga hannu mai ɗigar zoɓo ya nuna ta. "Voilà! Kun gani? Wa ya ce ba su aiki?"

Alhaji Braimah ya je ya kai tafin hannunsa kusa da butar, ya janye da sauri. Ya dawo ya tsaya a gaban Ɗanasabe, ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ga jama'a.

"Ku shaida. Mutumin nan ba ya sha. An yi masa ƙarya, wanda ya faɗa ya nemi gafara."

Aïchatou ta gyara ɗaurin ɗankwali tana kallon wani wuri. Ɗanasabe ya fara murmushi da rabin gemu.

"Amma ni da ma sha yake yi," in ji Alhaji Braimah. "Mai sha, gobe da safe yana warwarewa. Wannan haka zai tashi." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Tahiratu, ni na gama nawa. Kai ne za ka zauna da shi. Faɗa."

Tahiratu ta ajiye kular, ta goge hannu a gefen zanenta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Yaya, ka san aikina. Tun safe har yamma ina gidajen tsofaffi, ina bin su ina kashe abin da suka kunna, ina ƙwace ashana, ina ɓoye kwalabe. Ba na ƙi, aikin lada ne. Amma can biyana ake yi. Ba zan dawo gida in yi shi kyauta ba."

Ta ɗauki kulolinta biyu ta tafi wajen famfo. Da haka maganar aure ta mutu, kuma duk wanda ke filin nan ya ji mutuwarta, in ban da mutum ɗaya. Ɗanasabe ya cire hularsa ya matse zoɓon, ya mayar da ita a kai, ya matso kusa da Hambali wanda ke kakkaɓe dambu daga wuyan rigarsa.

"Ka ji ko, mon frère?" ya ce a hankali. "An shiga maganar sadaki."